Tsohon Babur da Hanyar Ƙauye: Ina Ya Kamata Kuɗin Farko Su Tafi?

 

Darasin wannan karon ya shafi abin da yayyenmu 'yan aji shida da dama ke lissafi a kai. Da zarar an ajiye biro a jarrabawar WAEC da NECO, wani za a miƙa masa makullin tsohon babur ɗin gida saboda Baba ya sayi sabo, wani kuma zai haɗa kuɗin ƙwadagon damina da na ɗan akuyar da ya yi kiwo ya sayi na hannu. Babur ɗin nan ba kwalta zai riƙa bi kullum ba. Hanyar gona zai bi, da ta kasuwar ƙauye, da burji mai gargada, da yashi, da rafin da ke cika a watan Agusta. Kuɗin da suka rage a aljihu bayan ciniki kuwa ba su taka kara sun karya ba. To a ina za a fara zuba su?

Abin da muke gani a gari shi ne, mai sabon babur yakan fara da abin da ido ke gani da wanda kunne ke ji: sitika, da fitilu masu launi, da rigar kujera mai geza, da salansar da za ta sanar da unguwa cewa ya iso. Mu a ganinmu an juya lissafin ne. Abin da ke taɓa ƙasa shi ne farko, sai abin da ke tsayar da babur da wanda ke kare kan mahayi, sai abin da ke hana ƙura shiga inji. Ado yana can ƙarshe, in an samu canji.

Kafin mu shiga gareji, akwai maganar doka, musamman domin ƙannenmu na ƙananan ajujuwa. A Najeriya ba a ba mutum lasisin tuƙi sai ya cika shekara 18. Koyon gyara ba shi da shekaru, amma hawa titi yana da su. Sannan duk wanda zai sayi babur na hannu ya duba lambar inji da lambar da aka buga a jikin firam, ya tabbatar su ne a rasit da sauran takardu. In an kankare lamba, ko farashin ya yi arha fiye da kima, a bar shi. Babur ɗin sata yakan kai wanda ya saya ofishin 'yan sanda ko da bai sani ba. A yi ciniki a gaban babba da shaidu, a rubuta a takarda.

Gyara kafin ƙari

Baburan da suka fi yawa a hanyoyinmu ƙanana ne, masu inji daga cc 100 zuwa 150, irin su Bajaj Boxer da TVS da Jincheng da Haojue. Iska ce ke sanyaya injinsu, kuma yawancinsu birkin ganga gare su, wato wanda ke ɓoye a cikin cibiyar taya. An ƙera su ne domin juriya da tsimin mai. Wanda ya shekara biyar yana ɗaukar buhu da fasinja ya riga ya gaji a wurare da yawa, don haka aikin farko shi ne a mayar da shi yadda kamfani ya yi shi, tun kafin a yi tunanin ƙara masa wani abu.

A je da makanike a duba shi da sassafe, inji na sanyi, domin inji mai zafi yana ɓoye laifi. In mai bugu huɗu ne, irin Boxer, kuma yana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, baƙin mai yake ƙonawa, aikin ringi na nan tafe. Mai bugu biyu, irin tsohuwar AX100, dama da ɗan hayaƙinsa yake tafiya tunda ana ƙona mansa tare da fetur. A ɗora babur a kan jakinsa na tsakiya, a kama taya a girgiza ta gefe da gefe. In tana lilo, boris ya ci. A bi wayoyin rim ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasa su da sifana: mai ƙarfi takan yi ƙara siririya, wadda ta saki takan yi dum. A leƙa wuyan babur da ƙarƙashin tanki a nemi tsagewa ko tsohuwar walda. Firam ɗin da ya taɓa karyewa a wuya bai cancanci a sa masa ko sisi ba.

Taya

A nan za mu daɗe, domin duk ƙarfin inji da duk ƙarfin birki ta wuri biyu kawai suke isa ƙasa, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Tayar da ta suɗe tana iya lallaɓawa a busasshiyar kwalta, amma a kan laka ko tsakuwar burji tamkar sabulu take. Tayar da ta dace da hanyar ƙauye ita ce mai manyan gurabe masu tazara a tsakaninsu. Gurbin yana cizon ƙasa, tazarar kuma tana ba laka hanyar fita yayin da taya ke juyawa. Sai dai mai gurabe ƙwarai, irin ta baburan tsere, tana saurin cinyewa a kwalta kuma ba ta kama jiƙaƙƙen titi sosai. Wanda rabin tafiyarsa a titi take ya nemi matsakaiciya.

A jikin kowace taya akwai rubutu da ya kamata ɗalibi ya iya karantawa. In ka ga 3.00-17, faɗin tayar inci 3 ne, rim ɗin da za ta hau kuma inci 17. Kada a sa wadda ta fi abin da kamfani ya tsara faɗi sosai don kawai ta yi kyan gani. Za ta iya gogar sarƙa, kuma siffarta takan lalace a kan siririn rim. A yawancin tayoyi akwai kuma lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, waɗanda ke nuna lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafin ranarmu kuma yana gaggauta mata. Tayar gwanjo mai sauran gurabe amma duk gefenta ya tsattsage, arha ce wadda ba ta ado.

In kuɗin na taya ɗaya ne, a duba wadda ta fi lalacewa. In sun yi kunnen doki, mu dai ta gaba za mu zaɓa. Idan tayar baya ta zame, mahayi yakan samu damar gyarawa. Idan ta gaba ce, kafin ya ankara yana ƙasa.

Sai maganar iska, wadda ba ta cin ko kwabo. A darasin Fiziks an koya mana cewa matsi shi ne nauyi a raba da faɗin wurin da ya danne. Shi ya sa raƙumi, da faffaɗan tafin ƙafarsa, ke tafiya a kan rairayi, jaki kuwa ƙafarsa na nutsewa. A ƙananan babura da yawa kamfani yakan ce a sa wa tayar gaba kimanin 25 a gejin mai faci, ta baya kuma 28 zuwa 32 gwargwadon kaya. In za a shiga doguwar hanyar yashi, rage iskar kaɗan yana sa taya ta baje, wurin da take takawa ya ƙaru, ta rage nutsewa. Kaɗan muka ce. Idan ta yi laushi da yawa, dutse zai matse tif a jikin rim ya huda shi wuri biyu, ko taya ta murɗa a kan rim ta tsinke bakin tif ɗin. Da an dawo kwalta a mayar da iskar, domin taya mai laushi a titi tana zafi, tana shan mai. Ke nan ɗan famfon hannu ya shiga jerin sayayya. Tif mai kauri ma ya fi dacewa da hanyar da tsidau da ƙayar aduwa suka yi yawa, kuma wanda faci ya yi masa yawa a canza shi tare da tayar. Ba banza ba ake cewa kamar tif da taya.

Birki da hular kwano

Nan ma Fiziks ce. Ƙarfin da ke cikin abu mai gudu yana ƙaruwa ne da gudun sau kansa. Wanda ya tashi daga kilomita 30 a awa zuwa 60 ya ninka gudunsa sau biyu, amma aikin da birki zai yi ya ninku sau huɗu, haka ma tazarar da zai ci kafin ya tsaya. A gudun kilomita 60, babur yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga akuya ta faɗo hanya zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, an riga an wuce tsawon aji guda.

Takalman birki, waɗanda makanikai ke kira shu, da wayar birkin gaba, suna cikin kayan da suka fi arha a babur, amma su ake bari sai sun mutu. Akwai ma masu kwance birkin gaba gaba ɗaya, wai yana kayar da mutum. A busasshen titi shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, domin nauyi gaba yake komawa idan an taka birki. A yashi da tsakuwa ne ake sassauta masa hannu, a fi dogara da na baya da kuma rage giya. Abin da ake bukata shi ne koyo, a fili, a hankali, kafin ranar da za a bukace shi da gaske.

Hular kwano a cikin wannan kaso muka sa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa sa ta yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kimanin kashi 69. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, ta fara tilasta sa hular a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga masu babur sun ɗaura ƙwarya da bokitin fenti a ka domin kauce wa kamu. Abin ya ba mutane dariya, amma yana nuna ba a fahimci aikin hular ba. Ƙwarin bayanta rabin aikin ne. Ɗaya rabin farin soso ne mai tauri da ke ciki, wanda ke murƙushewa ya shanye bugu a madadin ƙwaƙwalwa. Sau ɗaya yake wannan aikin. Saboda haka hular da ta taɓa shan mummunan bugu ta gama amfani ko da bayanta na sheƙi, kuma shi ya sa ba mu ba da shawarar sayen ta hannu. A ɗaure igiyarta a haɓa. Wadda ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa.

Ƙura

Inji yana shaƙar iska fiye da yadda yake shan fetur nesa ba kusa ba: a nauyi, kusan kilo 15 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. A hanyar burji lokacin hunturu, wannan iskar cike take da ƙura, ƙura kuwa garin dutse ce. Idan ta wuce matatar iska ta haɗu da baƙin mai, sai ta zama kamar sanfefa tana cin fistin da ringi. Wasu sukan cire matatar wai inji ya samu numfashi. Wannan ita ce hanya mafi sauri ta kashe shi. In matatar ta soso ce, a wanke ta da kananzir ko ruwan sabulu, a bari ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai mai tsabta, a matse har sai ta daina ɗiga. Man ne ke kama ƙurar. In ta takarda ce, ba a wanke ta, canzawa ake yi. A riƙa yin juye da wuri fiye da mai hawa cikin gari. Ga wanda ke sayen fetur a kwalba wurin 'yan bumburutu, 'yar matatar mai da ake sawa a tiyo tsakanin tanki da kafireto tana ceton tafiya da yawa.

Lissafin haƙora

Ga ƙarin da ya cancanci sunansa, kuma wanda 'yan ajin lissafi za su ji daɗinsa. Sarƙa tana haɗa faifai biyu masu haƙora: ƙarami a jikin inji, babba a tayar baya. A ce na gaba yana da haƙora 14, na baya 42. Raba 42 da 14, ka samu 3. Ma'ana sai na gaba ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. In aka sa na baya mai haƙora 45, amsar ta zama 3.21. Ƙarfin ja ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, gudu kuma ya ragu da kusan haka. Babur ɗin da ke yin kilomita 80 a awa zai koma kamar 75 a juyin inji iri ɗaya. Ba a ƙara wa inji ƙarfi ba, musaya aka yi, kamar yadda doguwar sanda ke ɗaga dutse cikin sauƙi amma sai hannu ya yi tafiya mai nisa. Ga mai hawan tudu da buhun masara, ko mai ratsa yashi, musayar tana da riba, kuloci ma yana hutawa. Ga wanda kullum yana kan babban titi, ƙarin shan mai kawai zai gani.

Ana iya samun kusan wannan sakamakon ta rage na gaba zuwa haƙora 13, kuma ya fi arha, sai dai sarƙa takan fi saurin cinyewa saboda tana lanƙwasa sosai. Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan canji shi ne lokacin da dama sarƙar ta tsufa, tunda tare ake canza ta da faifan biyu. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora masu kama da ƙayar kifi ba ta daɗewa. A bar mata sakin kimanin santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Wadda aka ɗaure tamau takan tsinke ko ta ci boris idan babur ya faɗa rami. Murfin sarƙa da samari ke cirewa don gayu, a bar shi inda yake, shi ke hana yashi manne wa mai.

Wurin mai walda akwai ayyuka biyu masu arha. Ɗaya farantin ƙarfe ne a ƙarƙashin inji domin kare shi daga dutse da kututture. A ɗaura shi da noti, kada a liƙa shi da walda a jikin firam, a bar ƙofar juye, kuma kada ya tare iskar da ke sanyaya inji. Ɗayan shi ne a ɗan ɗaga murfin tayar gaba, domin laka mai danƙo takan taru a tsakaninsa da taya har ta hana ta juyawa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ƙara wa shokazoba tsawo da walda don babur ya yi tsayi. Cibiyar nauyi tana hawa sama, sakin sarƙa yana rikicewa, ƙafa kuma ba ta isa ƙasa a daidai lokacin da ake bukata.

Ita kuwa salansar da ake fafe cikinta, ƙara take ƙarawa. Tana iya rikita ma'aunin iska da mai har inji ya riƙa zafi, kuma daɗewa cikin ƙarar da ta wuce desibel 85 yana lalata ji sannu a hankali. Fitilu barkatai suna shanye ɗan batir, wayar da aka yanka aka haɗa ba fis kuma tana iya tayar da gobara a ƙarƙashin tankin fetur. Fitilar gaba ɗaya mai kyau da jar fitilar baya mai aiki sun wadatar.

Ga masu ganin sai da tarkace babur ke zama na daji, ga ɗan tarihi. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko ta tashi a ƙarshen Disambar 1978, ta ratsa Aljeriya, ta bi ta Agadas da Yamai a Nijar, ta ƙare a Senegal cikin Janairun 1979. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 suka isa. Wanda ya zo na ɗaya shi ne Cyril Neveu, ɗan Faransa, a kan Yamaha XT500: inji mai fistin ɗaya, iska ke sanyaya shi, da ƙafa ake tayar da shi, birkinsa na ganga. Bambancinsa da namu yana ga girman inji, da doguwar shokazoba, da tayar gaba mai inci 21, wadda ke haye rami cikin sauƙi fiye da mai inci 17. Waɗannan ba abubuwa ne da mai walda zai iya ƙara wa Boxer ba. Namu na aiki ne, zai kai mu gona ya dawo da mu, amma ba a yi shi don tsalle ba.

Ruwa

Wani abu da babu gyaran da ke maganinsa shi ne rafi. Fistin yana matse iska ne, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In inji ya shaƙi ruwa yana cikin gudu, sandar da ke riƙe da fistin tana iya lanƙwashewa nan take. A sauka a auna zurfin da sanda tukuna. In ya wuce cibiyar taya, ko yana gudu da ƙarfi, a jira ya janye ko a sake hanya. Ruwa mai gudu yana tafiya da mutum da babur ɗinsa. In inji ya mutu a cikin ruwa, kada a yi ƙoƙarin tayar da shi. A tura shi waje, a cire fulogi, a yi ta buga kik har ruwan ya fita, a duba baƙin mai. In ya koma kamar shayi da madara, sai an yi juye. Bayan kowace tsallaka, a ɗan riƙe birki ana tafiya a hankali har ya bushe, domin jiƙaƙƙen birkin ganga kusan babu ne.

Da za a ce mu raba ɗan abin da ke hannu gida goma, huɗu za mu ba taya da tif, biyu hular kwano da birki, biyu sarƙa da faifanta, ɗaya juye da matatar iska da fulogi. Na goman a ajiye shi, domin tsohon babur ba ya rasa abin da zai nema a watan farko. Ba dole a yi duka rana ɗaya ba, amma a gama taya da birki kafin ruwan farko ya sauka, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙarƙashin kujera kuma kada a rasa sifana mai lamba 10 da 12 da 14, da ta cire fulogi, da filaya, da kayan faci, da ƙarfen cire taya guda biyu, da gaɓar sarƙa ta ko-ta-kwana. Wanda ya zauna kusa da makanike yana kallo yana tambaya, a wata uku zai iya rabin waɗannan ayyuka da hannunsa. Wannan har da 'yan uwanmu mata, domin sifana ba ta san hannun wa ke riƙe da ita ba.

Tambayoyin wannan fitowar guda biyu ne. Ta farko: wani babur yana da haƙora 15 a gaba, 45 a baya, yana gudun kilomita 60 a awa. In aka canza na gaba zuwa mai haƙora 14, inji kuma yana juyi kamar dā, nawa gudun zai koma? Ta biyu: an ga lamba 0818 a jikin wata taya a kasuwa. Yaushe aka ƙera ta, kuma shekararta nawa a yau? A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.